Ranar da Cindo Ya Ɗauki Famfon Soda a Kafaɗa

A bayan kamfanin sabulu na Kwanar Gawo akwai wani ɗaki ciki da falo, mai rufin kwano, wanda warin soda ba ya rabuwa da shi rani da damina. Mutum uku ne a cikinsa. Akwai Malam Baƙo, tsoho makaho. Akwai 'yarsa Tabawa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, tana aikin naɗe sabulu. Sai kuma ƙaninta Cindo, wanda aka haifa da yatsa shida a kowane hannu. Mutanen garin ba su da tausayi a baki, cewa suke abin da aka ƙara masa a hannu, a ka aka rage. Cindo ya ba talatin baya, ba ya ƙarya, ba ya faɗa, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da sama da ƙasa za su haɗe.

Ɗakin nan ba nasu ba ne. Malam Baƙo shi ne ya fara kula da famfon soda a kamfanin, har ranar da tiyo ya fashe, ruwan soda ya wanke masa fuska, idanunsa suka tafi. Maimakon diyya sai aka ce ya zauna a ɗakin muddin ɗansa yana riƙe da aikin famfon. Tabawa 'yar aikin yini ce, ba a lissafa ta. Ke nan rufin da ke kan tsohon a wuyan Cindo yake rataye, kuma duk wanda ya san Cindo ya san wannan abin tsoro ne.

Sabon famfon da iska yake aiki. A kan duro yake zaune, yana zuƙo ruwan soda yana tura shi ta wani dogon tiyo zuwa tukunyar sabulu, yana ƙara a natse kamar mace ɗaya na daka. Idan duro ya ƙare, ko tiyo ya fashe, sai famfon ya rasa nauyin da yake turawa, ya haukace da gudu. A wuyansa akwai wani ƙarfe da ma'aikata ke kira linzami. Da gudu ya wuce kima sai linzamin ya datse iska, famfo ya tsaya cak, ba zai ƙara tashi ba sai an danna wani jan maɓalli. Da akwai shi a zamanin Malam Baƙo, da yau yana ganin 'ya'yansa.

Wata rana heluman kamfanin, wato shugaban ma'aikata, Sallau, mutum mai saurin fushi da ƙarar murya, ya ce wa Cindo, "Idan famfo ya tsaya, ka zo ka faɗa mini."

"To, ranka ya daɗe."

Da hantsi linzami ya kama. Cindo ya nemi heluma, aka ce ya tafi jana'izar surukinsa a wani ƙauye can ƙetaren rafi. Bakaniken kamfani yana zaune a inuwa yana shan rake, Cindo ya gaishe shi ya wuce, domin ba shi aka ce a faɗa wa ba. Ya taka har ƙauyen, ya ratsa sahun masu zaman makoki, ya durƙusa gaban Sallau ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi. Famfo ya tsaya." Kafin su dawo, haɗin sabulu ya daskare a tukunya, sai da aka yini ana sara shi da gatari.

Sallau ya zazzage shi tas a gaban mutane. Ya nuna shi da yatsa ya ce, "Daga yau kada ka kuskura ka rabu da famfon nan. In ya tsaya, ka danna maɓalli. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Wata rana duro ya ƙare. Famfo ya haukace, linzami ya kama, Cindo ya danna. Famfo ya sake haukacewa, linzami ya sake kamawa, Cindo ya sake dannawa. Haka suka dinga yi, ƙarfe yana neman ceton kansa, mutum yana hana shi. Cikakken duro yana nan bakin ƙofa, amma zuwa ɗauko shi rabuwa da famfo ne. Azahar ta wuce, Tabawa ta kawo masa ɗumame, ya ci da hannu ɗaya yana dannawa da ɗaya. Sai da ƙaurin roba ya cika wurin sannan bakanike ya taho a guje, ya tarar robobin cikin famfon sun ƙone.

Daren nan ba wanda ya ci tuwo da daɗi. Tabawa ta yi kuka a ɓoye. Malam Baƙo ya lalubo hannun ɗansa ya riƙe, bai yi masa faɗa ba, ya daɗe da sanin faɗa ba ya shiga. Abin da ya ce kawai shi ne, "Cindo, idan aka kore mu, makaho ba shi da wurin zuwa."

Bakaniken, wani dattijo mai haƙuri da ake kira Malam Mudi, ya gyara famfon, sannan ya zaunar da Cindo. Ya ce, "Ɗan nan, linzami ba ya kamawa banza. In ya kama, ka rufe iska tukuna. Ka leƙa duro. In akwai soda a ciki, to ka bi tiyo da ƙafarka da idonka har ka ga ƙarshensa. Ko wa ya ce ka danna, kada ka danna sai ka ga ƙarshen tiyo."

Cindo ya maimaita har ya haddace, yana tafe yana faɗa kamar mai bitar karatu.

Wata rana, Lahadi ce ba aiki, Tabawa ta ba shi bokiti ya ɗebo ruwa a famfon unguwa. Yana cikin tara sai ruwa ya ɗauke. Cindo ya rufe kan famfon, ya leƙa bokiti, sannan ya kama bin bututu. Ya bi ta bayan masallaci, ya bi ta gonar mutane, ya bi ta cikin gidan wani mutum yana sallama yana wucewa, har ya kai gindin tankin gari. Sai bayan magariba ya dawo, ƙaya ta yaga masa wando, bokiti a bushe. Ya ce, "Yaya, na ga ƙarshensa." Tabawa ta dube shi, ta rasa dariya za ta yi ko kuka, ta tashi ta je maƙwabta roƙon ruwan alwalar Baba.

Labarin ya kai kamfani, aka yi ta dariya, ban da Sallau. Shi ma yana da nasa tsoron, domin manaja ya ɗora masa laifin asarar da aka yi. Ya kira Cindo ya ce, "Saura kuskure ɗaya. Ka sake tsayar mini da aiki, kai da tsohonka ku nemi wani ɗakin."

Wata rana, ana gab da Sallah, babbar mota ta zo ɗaukar sabulu tana jira a ƙofa, ga shi Malam Mudi ya tafi birni sayen kayan gyara. Mata masu naɗe sabulu sun fita sallar azahar ke nan sai famfo ya zabura da gudu, linzami ya kama. Cindo ya rufe iska. Ya leƙa duro, ga soda fiye da rabi. Daga can wurin mota Sallau ya ɗaga murya, "Kai Cindo! Danna mana!"

Nan fa Cindo ya tsaya, gaba kura baya sayaki. An ce kada ya danna sai ya ga ƙarshen tiyo. An kuma ce kada ya rabu da famfo. Ya dubi tiyo, ya dubi famfo, gumi ya keto masa, maganar ubansa ta dawo masa a kunne. Tsoro ya kama shi sosai. Sai dabara ta zo masa, irin wadda ba ta zuwa wa mai hankali. Ya kwance tiyon iska, ya kwance na soda, ya zaro famfon daga duro ya saɓa shi a kafaɗa, ya kama bin tiyo da shi.

Ragowar soda da ke cikin famfon ta fara ɗiga. Ta jiƙa rigarsa, ta gangara wuyansa da bayansa. Da farko kamar santsi, sannan kamar wuta. Cindo ya cije leɓe ya ci gaba, domin ba wanda ya taɓa ce masa ya ajiye.

Sallau ya gaji da kira ya taho a fusace da wata 'yar wayar ƙarfe a hannu, niyyarsa ya danna maɓallin ya ɗaure shi da ita a danne, kowa ya huta da linzami. Ya iso ya tarar da duro baki buɗe, ba famfo, ba Cindo. Ya yi ihu, "Yau kam ka gama aiki a nan!" Ya bi ɗigon soda a ƙasa.

Tiyon ta ramin bango yake shiga ɗakin naɗe sabulu, ya bi ta saman azara kafin ya kai tukunya. Can Sallau ya sami Cindo. Mata sun dawo daga salla sun zazzauna a wuraren aikinsu, har da Tabawa da wata mai goyo. Cindo yana tsaye a tsakiyarsu, famfo a kafaɗa, wuyansa ya saɓule ja wur, yana kallon sama.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga ƙarshensa. Amma yau ya matso kusa."

Sallau ya ɗaga kai. Tiyon ya tsinke daidai saman kawunan matan, bakinsa yana reto yana kallon ƙasa. Feshin farko kan wasu kwalaye ya sauka lokacin da ɗakin ba kowa, sun jiƙe sun yi baƙi. Sallau ya dubi tiyon, ya dubi jaririn da ke bayan uwarsa, ya dubi wayar da ke hannunsa. Ya zauna a ƙasa yana salati.

Tabawa ce ta fizge famfon daga kafaɗar ƙaninta, ta yage rigar, mata suka dinga kwarara masa ruwa bokiti bayan bokiti. Mota ta tafi da rabin kaya. Cindo ya yi makonni a asibiti, ya fito wuyansa a tamuke, ba ya iya waiwaye sai ya juya da jikinsa duka. Manaja bai zo dubiya ba. Ya dai aiko Sallau da saƙo cewa ɗakin su ci gaba da zama, ba mai tashinsu.

Sallau ya faɗi saƙon daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya tafi. Malam Baƙo ya ce, "Matso nan, Cindo." Ya ɗora tafinsa a wuyan ɗansa, ya bi tabon a hankali har kafaɗa. Ya san irin wannan tabon, yana ɗauke da shi a fuskarsa.

Ya ce, "Ashe haka hayar ɗakin nan take. Ni na biya da ido, kai ka biya da fata."

Cindo ya yi ta juya maganar, kamar yadda yake yi da kowace magana da aka ba shi. Can ya juyo da jikinsa duka, ya dubi ubansa, ya dubi Tabawa.

Ya ce, "To Baba, in wannan ta ƙare, da me za mu biya ta gaba?"

Ta bayan bango ana jin famfon yana daka.