Rasuwar Subira, Motar da Ba Ta Gane Sabon Injinta Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Ambokile Mwakalinga na Tukuyu nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, 'yan cocinmu da matan kasuwar ayaba ta Kiwira rasuwar motata, a-kori-kura mai ruwan toka wadda kowa ya sani da suna Subira. Ta cika ranar Talatar da ta wuce a garejin Lusekelo bakanike, bayan jinyar da ta cinye damina guda.

Matata Tusajigwe, Allah Ya ji ƙanta, ita ta raɗa mata sunan. Ranar da na kawo motar gida ta zagaya ta, ta ce, "Sunanta Subira, wato Haƙuri. Duk wadda za ta zauna da kai, sai da shi."

Marigayiya ba ta taɓa ƙin kaya ba. Ta ɗauki ayaba da fiya zuwa Mbeya, ta ɗauki amare da masu naƙuda, ta ɗauki 'yan mawaƙan coci har da gangunansu. Ita ta kai Tusajigwe asibiti tafiyar ƙarshe, ita ta dawo da ita a kwance, a hankali, ba ta faɗa rami ko ɗaya ba. Bayan haka yara suka watse, ɗana Gwakisa yana Dar es Salaam, 'yata Atupele tana aure a Dodoma. Muryar farko da nake ji da safe ta zama ta Subira: tari biyu, kar-kar, sannan ta gyara murya, vuuum. Da na fito bakin titi matan ayaba suna jira, su cika baya da kaya da surutu, su yi ta tsokanata har Mbeya. Da wannan nake cinye yinina.

Ciwon ya fara ne a hawan dutsen nan kafin Uyole. Ta yi wata ƙara kamar an jefa cokali a turmi, ta tsaya. Lusekelo ya leƙa, ya goge hannu a wando.

"Baba, inji ya buga. Ko fasto aka kira, sai dai ya yi masa addu'ar sallama."

Na kira Gwakisa. Ya ce, "Baba, ka bar motar nan ta huta mana. Ka taho Dar ka zauna da jikokinka."

Na ce, "In zo in yi me? In zauna a saman bene ina kallon motocin wasu?"

Yaron kirki ne. Bai sake magana ba sai da ya aiko da inji a babbar mota, wanda aka sauke daga jirgin ruwa, na wata mota ƙanwar Subira, ya fi nata ƙuruciya da ƙarfi. Injin ya zauna a mazauninsa daram, kowane noti ya shiga raminsa. Na murɗa makulli. Ta yi ta juyawa, kir-kir-kir, ba ta tashi ba.

Lusekelo ya nuna mini wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari. "Ka ga wannan? Kwamfuta ce, mu ƙwaƙwalwa muke ce mata. Ita ke gaya wa inji lokacin shan mai da lokacin ba da wuta. Ta Subira tsohon injin kaɗai ta sani. Wannan yana yi mata magana, ba ta jin yarensa."

"To ka koya mata."

"Baba, kai wayar da Gwakisa ya saya maka, an iya koya maka?"

Aka shiga neman ƙwaƙwalwa irin ta sabon injin, har aka samo a garin Tunduma. Ranar da aka ɗaura ta, Subira ta tashi. Na buɗe baki zan yi godiya, ta mutu. Aka sake, ta tashi, ta ja numfashi ɗaya, ta mutu.

"Yanzu kuma mene ne?"

"Sabuwar ƙwaƙwalwar ce, makullinta take nema," in ji Lusekelo. "Na motar da aka ciro ta. Yana can ƙetaren teku a aljihun wani. Da ta ga naka sai ta yanke mai. Tana zaton mu ɓarayi ne."

"Ni? A motata?"

"Ba ta san ka ba, Baba."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Kullum sai in tako zuwa gareji da lema, in shiga in zauna a kujerata, ruwan sama yana dukan rufi, in riƙe sitiyari. Matan ayaba sun sami wata mota, ban ga laifinsu ba, ayaba ba ta jira. Da fari in sun zo wucewa ɗayarsu, Mama Ndimyake, takan ɗaga murya, "Baba Ambokile, yaya jikin amarya?" Daga baya sai ɗaga hannu. Daga baya sabon direban ya sake hanya.

Sai aka ba mu labarin wani Kibona, mai gyaran wayoyin wutar mota a Uyole. Ya zo da jaka da baki. "Dattijo, kwantar da hankalinka. Ba a haifi kwamfutar da ta fi ni wayo ba. Zan haɗa tsohuwar da sabuwar, ɗaya ta gane makulli, ɗaya ta gane inji, su yi zaman lafiya." Lusekelo ya girgiza kai, amma shi ma ba shi da wata dabara. Kibona ya yanka nan, ya ƙulla can.

Ranar Talata na murɗa makulli. Subira ta tashi, ta kuma tsaya da ƙafarta, murya garau kamar ranar da na saye ta. Na fito na ɗora hannu a goshinta, ina jin ɗuminta yana dawowa. Sai hon ya kama kuka shi kaɗai, fiiiii. Hayaƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin sitiyari, warin roba ya cika garejin. Kafin a cire batir wayoyin sun narke, ƙwaƙwalwar nan biyu sun ƙone tare. Kukan ya yi ƙasa-ƙasa, ya ɗauke. Kibona ya tuna yana da mara lafiya a gida. Lusekelo ya cire hularsa.

Marigayiya ta bar taya huɗu da safaya ɗaya, da madubin gefe da na ɗaure da waya, da tsohon zanin Tusajigwe da ke shimfiɗe a kujerar gaba. Ta bar maraya, sabon inji lafiyayye wanda bai taɓa taka titin ƙasar nan ba. Ta bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Maƙwabcina Mwaipopo ya ba da aron tarakta, za a ja ta daga gareji a bi da ita ta gaban kasuwar Kiwira, sannan a miƙa ta ga masu sayen tsohon ƙarfe. Ni zan riƙe sitiyari. Gwakisa da Atupele sun aiko da uzuri, aiki ya riƙe su.

Zaman makoki a gidana ne, ƙarƙashin bishiyar fiya, kuma ban sa masa ranar tashi ba. Ba a bukatar fure ko gudummawa. Akwai shayi, akwai dafaffiyar ayaba, na aro benci biyu daga coci. Wanda ya zo, don Allah kada ya tsaya a tsaye ya yi gaisuwa ya juya. Ya zauna tukuna.