Tubana a Kan Oba-Oba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Nuwamban 2019, wata na huɗu da fara aikin kula da ciyawa a wani filin golf a Dubai. Wanda ya ce mini ba a ruwa a garin nan, Allah ya isa tsakanina da shi.

Kwana biyu ana tafka ruwa da iska. Ganyen dabino ya rufe filin, ramukan yashin da 'yan wasa ke gudun ƙwallonsu ta faɗa duk sun zama kududdufai. Ogammu, wani Bafalasɗine mai faɗa, ya miƙo mini manjagara da oba-oba, 'yar rediyon da muke magana da juna a fili.

"Yalla, maza, rami na tara. Ka buɗe magudanar ruwan. In ka ji jiniya, tsawa ce, ka gudu rumfa."

Rami na tara kuwa, wato sashe na tara na filin, ina da tarihi da shi. Makonni uku kafin nan na zabga masa taki fiye da kima, ciyawar ta ƙone ƙurmus. Da oga ya tambaya na ce zafin rana ne (har da girgiza kai, wai ina jimami).

Ina tsakiyar fili, ruwa har ƙaurina, sai jiniya ta ɗauka. Gari ya yi baƙi. Iska ta fizge hulata. Na duba rumfa, tana can nesa, ni kaɗai ne abu mai tsawo a wurin, ga ƙarfe a hannuna. Walƙiya ta haske tafkin da ke gabana, tsawa ta biyo baya har ƙasa ta girgiza. Wallahi na ji ƙaurin wuta a hancina.

Na yi jifa da manjagara, na kife rubda-ciki a cikin taɓo. Ban san na danne maɓallin oba-obar da ƙirjina ba.

Na yi kalmar shahada. Na kira sunan Innata da ke Zariya, ina kuka da majina (ƙato da ni, mai 'ya'ya biyu). Sannan na shiga tuba da ƙarfi: "Ya Allah ni na ƙona ciyawar nan! Taki ne, ba rana ba ce! Ƙarya na yi wa oga!"

Da ruwan ya tsagaita na ja ƙafa zuwa rumfa. Ma'aikata sun fi ashirin, 'yan Nepal da 'yan Pakistan, kowa da oba-obarsa a hannu, kowa na kallon ƙasa yana cije leɓe. Nan na gane duk sun ji ni ta oba-oba. Na ɗan ji sanyi da na tuna ba sa jin Hausa, sai idona ya sauka kan Baba Isaka, dattijo Bahaushe ɗan Zangon Kumasi mai gyaran injuna.

Oga ya juya gare shi. "Me yake ta ihu a kai?"

Na ga bizata, na ga jirgin komawa gida. Baba ya dube ni, ya dubi oga.

"Uwarsa yake kira," ya ce. "Khalas, shi ke nan."

Aka fashe da dariya. Har yau 'yan Nepal ɗin nan "Inna" suke kirana. Da muka keɓe, Baba ya ce, "Ɗana, ka gaya wa Allah, saura oga. Ni ba zan riƙe maka ba."

Washegari na je na faɗa da bakina. Oga ya ɗaga kai ya ce, "Habibi, shekara ashirin ina wannan aiki. Tun ranar na sani."

Tun daga nan na koyi abu ɗaya: tuba yana da kyau, amma mutum ya fara kashe na'ura.