Tukunya Mai Ƙaho Bakwai

A benenmu na unguwar Aziziyya, matan ɗalibai 'yan Meksiko sukan taru suna aikin hannu irin na garinsu. Ni kuwa ina taƙamar babu sihirin da zai ɓuya mini.

Wata la'asar na leƙa ɗakinsu. Labule a sake, tukunya mai ƙahoni tana reto daga rufi. An ɗaure wa wata ido, tana lalube da sanda, sauran suna waƙa ƙasa-ƙasa.

Na ce a raina, lallai wannan sihiri ne. Na faɗa ciki ina Ayatul Kursiyyu, na fizge sandar na rotsa tukunyar.

Alawa ta zubo mini a ka.

"Hajiya, ta walimar yaranmu ce," in ji mai ɗakin. "A garinmu yara ke fasa ta da sanda ido a ɗaure, su kwashi alawa. Gwaji muke yi."

Har yau in maigidana ya miƙo mini alawa sai ya ce, "A tofa addu'a tukuna?"