Yadda Za Ka Gyara Injin Tattaki Girmanka Bai Zube Ba

Kai da ɗanka ya aiko wa injin tattaki daga birni, kana hawa yana mutuwa, matso nan. Ni ne Abdussalam, wanda duk yankin Tsanyawa aka sani da gyaran rediyo da mari ɗaya. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jero su, ko injin ya gyaru ko kai ka gyaru. Ba a taɓa samun wanda ya rasa duka biyun ba.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: wata doguwar shimfiɗar roba ce baƙa, mai hannuwa biyu na riƙewa. Ka hau, ka danna, ƙasa ta fara gudu a ƙarƙashinka. Ka yi ta tafiya har gumi ya jiƙa ka, ka sauko ka tarar kana gidanku.

Ilimina ba na littafi ba ne. A kan maƙwabcina na koye shi, Malam Kallamu dillalin gero da gyaɗa, Babarbaren da kakansa ya zo daga Borno ya manta hanyar komawa. Ni Bafulatani ne, akwai wasa tsakaninmu, don haka ba mai kai ni ƙara.

Bana Allah ya kira Kallamu aikin Hajji. Sai dai tun da ya sayi babur ƙafarsa ta yi ritaya, ko wurin mai shayi a kan babur yake zuwa. Likita ya auna shi ya ce in bai fara tafiya ba, ɗawafi sai dai a tura shi a keke. Kallamu ya ce shi da ƙafarsa zai zagaya Ɗakin Allah. Shi ne ɗansa Abdulkabir ya ɗoro injin a motar haya. To, buɗe kunnenka.

Mataki na 1: Kafa shi a zaure, ka shiga shigar mutunci

Kar ka kai shi cikin gida. Abin da ya fito daga birni ba a ɓoye shi. Sa shi a zaure, daidai inda mai wucewa zai hango.

Sannan ka sa babbar rigarka mai aiki, ka kafa hula. Magidanci ba ya tafiya da singileti, ko da ba inda za shi.

Za ka ga wani ɗan jan makulli manne a gaban injin, da igiya a jikinsa, ƙarshen igiyar kuma da ɗan maƙali. Abdulkabir ya ce a riƙa maƙala shi a riga. Kallamu ya maƙala nasa a hannun babbar riga, inda kowa zai gani, kamar lambar yabo.

Ranar farko ina tsaye. Inji ya ɗauka, Kallamu na taku ɗai-ɗai cikin isa, sai mai unguwa ya leƙo.

"Salamu alaikum. A'a, Malam Kallamu, ina zuwa haka da hantsi?"

Kallamu ya saɓa hannun riga a kafaɗa, yadda manya ke yi in za su faɗi magana mai nauyi. "Wallahi, ranka ya daɗe, likita ne ya..."

Tsit. Inji ya mutu, ya tofo jan makullin. Kallamu ya tafi luu ya rungumi gaban injin, hula ta yi nata wuri.

Abin lura: duk sanda ya mutu za ka ga ya tofo makullin nan. Kar hankalinka ya tashi, fushi ne kawai, irin na jakin da aka yi wa lodi. Mayar masa da abinsa ka ci gaba.

Mataki na 2: Ɗora laifin a kan wuta

Wannan ba ya buƙatar bincike. A garin nan wuta baƙuwa ce, in ta zo ma ba ta tsayawa a gaisa. Duk abin da ya mutu, ka ce ita ce, kowa zai gyaɗa kai.

Nemo janareta. In na cajin waya ya yi tari ya ƙi, aro babba, irin wanda ake kunnawa a gidan biki. Haka muka yi. Muka jawo waya ta kan katanga, muka tayar da shi, kajin unguwa suka watse.

Inji ya ci gaba da mutuwa kamar da. Amma an samu ci gaba, domin yanzu saboda ƙarar janareta ba mai jin salatin da Kallamu ke yi in ya tafi luu.

Mataki na 3: Mare shi, sannan ka ba shi mai

Ba injin da ba ya jin mari. Nemo gefen da ya fi faɗi ka ba shi guda ɗaya mai kyau. In bai ji ba ka sake, amma kar ka yi a gaban wanda ya sayo shi.

Daga nan sai mai. Abdulkabir ya ambaci wani irin mai na musamman da ake sa wa robar, sunan ma ba ya faɗuwa a baki. Na ce muna zaune a tsakiyar gonakin gyaɗa za a aika birni neman mai? Na aika cikin gida wurin Hajiya Yakaka, matar Kallamu, wadda ita ta riga shi sauke farali tare da yayanta. Ta miƙo kwalbar man gyaɗa ta bayan labule.

"Malam Abdussalam, miya za a yi wa injin?"

"Aikin maza ne, Hajiya."

"To Allah ya ba da sa'a. A dawo min da kwalbata."

Na shafe robar tas. Sakamakon ya zo da wuri: Kallamu ya hau ta gaba ya sauka ta baya bai shirya ba. Washegari muka tarar da tururuwa sun yi layi, akuyar gidan kuma ta lashe abin da suka rage. Kar ka raina wannan. Robar ba ta taɓa yin tsabta irin ta ranar ba.

Mataki na 4: Kira yaron a waya, amma kar ka bari ya yi maka tambayoyi

Yaran yanzu in ka ba su fuska sai su mayar da kai ɗan makaranta. Faɗi matsalarka a taƙaice ka tsuke fuska, ko da ba ya ganinka.

"Abdulkabir, injin nan naka mutuwa yake."

"Subhanallahi. Baba, kana maƙala igiyar a riga?"

"Kullum."

"To wace irin riga kake sawa in za ka hau?"

Kallamu ya cire wayar daga kunne ya dube ta, ya dube ni. "Ka ji yaron nan? Ni zai tambaya abin da nake sawa? Ni da na saya masa wandonsa na farko?"

"Baba, ba haka nake nufi ba, ai igiyar in aka..."

"Gai da mutanen gidan."

Ya kashe. Haka ake yi. Mun fito daga wannan mataki ba mu ƙaru da komai ba, amma girma yana nan daram.

Mataki na 5: Duba bakin mutane

Yanzu ka zo wurin da ƙwararre ke bambanta da ɗan koyo. Na zauna a gefe na sa ido, na gano wani abu: injin ba ya mutuwa sai an gai da Kallamu.

Ga zauren kullum cike. Masu dawowa daga gona su jingina fartanya su leƙo. "Sannu da hanya, Malam!" Wani ya ce, "In ka isa Minjibir ka gai da surukaina." Wani ya ce a taho masa da tsaraba. Kallamu kuwa ba ya barin gaisuwa ta faɗi ƙasa. Ya gyara riga, ya saɓa hannu a kafaɗa, ya buɗe baki zai amsa, tsit.

Na ce, "Babarbare, kambun baka ne. Baki ya yi wa injin nan yawa."

Muka yi shawarar hana gaisuwa. Ba ta yi kwana ba. A garin nan ka hana mutum ruwa ya haƙura, amma ka hana shi cewa sannu, sai an kai maganar gaban dagaci. Muka koma turara zauren da hayaƙi. Kambun baka bai tafi ba, sauro dai ya tafi.

Mataki na 6: In aka kawo maka zancen gona, yi kamar ba ka ji ba

Za a samu wanda zai ce ai ga hanyar gona nan kyauta, ba ta cin fetur, ba ta mutuwa. A gidan Kallamu, Hajiya Yakaka ce.

"Malam, gonarka ta bayan rafi tana nan inda ka bar ta. Ka taka ka je ka dawo mana."

"In taka? Mutane su ce babur ɗin sayar da shi na yi?"

Daidai ya faɗa, na kuma goyi bayansa. Amma da ta shige ciki, zauren ya rage daga ni sai shi, ya zauna a bakin injin. Can ya ce, "Abdussalam, ranar bitar maniyyata an sa mu zagaya fili don gwaji. Tsofaffin da suka haife ni suka wuce ni. Na zauna a gindin darbejiya ina haki." Ya share fuska da hannun riga. "Tsoro nake ji. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya kai ni, in je kuma a tura ni kamar buhun gero?"

Ban sami abin tsokana ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Tausayinsa ya kama ni sosai. Na tashi na ƙara wa injin mari, don dai a ga ana wani abu.

Mataki na 7: Kar ka kuskura ka hau ba 'yan kallo

Wannan shi ne mafi muhimmanci, kuma shi Kallamu ya karya.

Ranar kasuwa ce, gari ya watse, ga zafin bazara kamar a bakin murhu. Kallamu ya leƙa waje bai ga kowa ba. Ya tura ƙofar zaure, ya tayar da janareta, ya cire babbar riga ya rataye a ƙusa. Daga shi sai singileti da wando. Ya rasa inda zai maƙala igiyar, sai ya bar ta tana lilo, makullin na manne a wurinsa. Ya hau.

Ni ina dawowa daga kasuwa na ji ihu ya fi ƙarfin janareta. Na banka ƙofa. Ga Kallamu yana zabga tafiya, gumi na zuba, idanu waje.

"Abdussalam! Ya ƙi mutuwa!"

"To ba abin da muke nema ke nan ba?"

"Ta ina ake kashe shi?"

Sai a lokacin muka gane ba wanda ya sani. Tun da injin ya zo gidan ba a taɓa kashe shi ba, shi yake kashe kansa. Akwai wani ƙaton jan maɓalli da rubutun Turanci a kai, amma ƙwararre ba ya taɓa abin da bai karanta ba.

"Rigata! Miƙo min rigata!"

Na juya zan ɗauko, na tarar an riga ni. Hajiya Yakaka na tsaye a ƙofar cikin gida, rigar na naɗe a hammatarta.

"Yakaka, kawo! Ko ki kashe janareta!"

"Malam, a can wa zai ba ka babbar riga? Ƙyalle biyu ne farare, kai da mai unguwa da mai tura kura duk ɗaya. Ci gaba."

"Zan faɗi!"

"Ba ka faɗi ba tukuna. Riƙe hannun, ɗaga kanka. Ina nan."

Ya yi mata kallon da zai sa ɗan kasuwa ya rage farashi. Ko gezau. Ya ci gaba don ba yadda zai yi. Ya yi mita, ya yi haki, ya ambaci sunan Abdulkabir ba da alheri ba. Can sai mitar ta ƙare. Numfashin ya daidaita, ƙafafun suka kama wani taku da na san shi da shi tun muna samari muna zuwa cin kasuwar ƙauye a ƙasa. Na ga leɓensa na motsi. Na matsa kusa, na ji ashe Labbaika yake yi a hankali. Hajiya ta juya fuska ta goge ido da gefen mayafi.

Bai sauka ba sai da man janareta ya ƙare. Zauren ya yi tsit. Kallamu ya tsaya riƙe da hannun injin, ya sunkuya yana kallon ƙafafunsa kamar baƙin da suka daɗe ba su zo ba.

"Yakaka," ya ce, "ashe suna nan."

"Suna nan, Malam. Riga ce ta rufe su."

A matsayina na masani, bayanin a fili yake: man gyaɗa ne ya yi aiki, dama yakan ɗauki lokaci kafin ya ratsa. Masu cewa hannun riga ne ke fizge igiya ba su san inji ba.

Sanarwa ta ƙarshe

Kallamu ya kira ni daga can wurin aikin Hajji, murya a dishe. Ya ce, "Bafulatani, da ƙafata." Injin yana nan a zaure, yanzu a hannunsa ake rataye babbar riga, kuma bai sake mutuwa ba tun da aka daina kunna shi.

Saboda haka ka sani: in ka bi matakan nan ka zame, ko akuya ta lashe maka inji, ko maƙwabta suka daina yi maka magana saboda janareta, ba ruwan Abdussalam, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. In kuwa mai unguwa ya leƙo ya same ka da singileti, kar ka ambaci sunana. Ni cewa na yi ka sa riga. Wadda ta ce a cire tana gidan Alhaji Kallamu, sai ka yi sallama.