Rasuwar Goggo, Bidiyon da Ta Tafi da Ɓarayinta a Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da shiru, ni tsohon direban babbar mota na gidan kan kwana, a madadin iyalina da maƙwabcina Tela, nake sanar da 'yan uwa da abokan kallo rasuwar na'urar bidiyonmu, wadda yara ke kira Goggo. Ta cika ranar Laraba da yamma, tana bakin aikinta, da kaset a cikinta.

Marigayiya ta shigo gidan nan ne ta hanyar yarjejeniya, tun kaina yana baƙi. Tela yana da bidiyo ba shi da talabijin, ni ina da talabijin ba ni da bidiyo. A bakin shagonsa ya ce, "Direba, a kai ta gidanka, amma kujerarka mai hannu tawa ce muddin tana numfashi." Na ce na yarda, in dai zai riƙa zare alluran da ke soke a gaban rigarsa kafin ya zauna. Muka tafa. Bai taɓa zarewa ba, kuma ni ne shaida, don na sha zama bayan tashinsa.

Goggo ba ta da girman kai. Kowane kaset aka miƙa mata sai ta ce "ƙurrr, kacau" ta haɗiye, na biki ne ko na dambe. Amma ɗan lelenta ɗaya ne, wani tsohon fim na masu fasa banki, wanda takardar jikinsa ta goge tun kafin ya iso hannunmu. Ba mu san sunansa ba, ba ma jin yaren da suke yi, sai muka raɗa wa kowa suna. Akwai Mai Gilashi, shugaban tafiya, wanda ke shimfiɗa taswira a tebur yana jera kwalayen ashana a matsayin masu gadi. Akwai Kunne, mai buɗe akwatin ƙarfe. Akwai Siririya, da ke aiki a cikin bankin tana yi wa manaja murmushi alhali makullinsa na jakarta. Sai direbansu, mutumin kirki, wanda bai ce uffan ba daga farko har ƙarshe.

Kada wani ya ce ina yabon sata. An taɓa kwance min tayoyi a tasha ina cin abinci, har yau ban yafe ba. Abin da muke kallo aiki ne mai tsabta. Na yi yawon duniya, na ga ma'aikata iri-iri, ban cika ganin mutum huɗu sun haɗu kowa ya tsaya a nasa ba. Akwai wurin da kiɗa ke ɗaukewa gaba ɗaya, Kunne ya manna kunnensa a ƙofar ƙarfe yana murɗa lamba a hankali, gumi na ɗiga daga hancinsa. A nan ko cokali ba a ajiyewa a falona. Uwar yara, wadda kullum ke cewa mun girma da wannan shirme, ita ma sai a gan ta a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta manta abin da ta ɗora.

Daga Goggo muka koyi dokokin irin waɗannan finafinai, don mun kalli da dama a bayansa. Duk wanda ya ce wannan ne aikinsa na ƙarshe, a fara yi masa bankwana. Ƙararrawa ba ta cika kama su ba, sai dai ƙaramin abu, karen maƙwabta ko safar hannu da aka manta. Kuma shiga banki ba shi ne wahala ba, rabon kaya shi ne.

Aibin marigayiya ɗaya ne, shi ma ba laifinta ba ne. Wanda ya naɗi fim ɗin daga talabijin, kaset ya ƙare masa. Motar ɓarayi ta hau gada da zinariya a baya, ga shingen 'yan sanda a gaba, wani ya ɗaga hannu, direba ya kalli Mai Gilashi, sai hoto ya koma yayyafi, Goggo ta ce "tsss". Tun daga ranar farko Tela ya ce an kama su, domin ɗinkin rigar gadin da suka sa ya karkace a kafaɗa, kuma duk mai ido zai gane aro ce. Ni na ce sun tsira, domin direban bai taɓa birki ba, giya ya rage, kuma mai shirin tsayawa ba haka yake yi ba. A kan wannan gada muka tsufa.

Jinyarta ta yi tsawo. Da farko ta fara tauna zaren kaset, ina zaro shi ina naɗewa da biro. Daga baya ba ta tashi sai an ɗan mare ta a gefen hagu. Ranar da ta cika, Kunne yana gab da buɗe ƙofa ta yi "ƙiƙiƙi", ta fitar da ɗan wari, ta yi shiru. Mai gyaran rediyo ya buɗe cikinta, ya leƙa, ya cire hula. Ya ce, "Baba, kayanta an daina yin su tun ina makaranta. Kaset ɗin ma ya nannaɗe, ba ya fita sai an yanka." Na ce ya mayar da murfin. Ta riƙe kayanta, ba ta bar wa kowa ba, yadda Mai Gilashi zai so.

Ta bar talabijin, mijinta, wanda ya riga ya fara hulɗa da wata 'yar ƙaramar na'ura da surukina ya kawo. Ta bar rimot mai ɗaure da kyauron roba, da kwali guda na marayun kaset, da tsofaffi biyu.

Washegari Tela ya zo gaisuwa. Ya shigo, ya kalli kujera mai hannu, ya wuce ya zauna a benci kusa da ƙofa, kamar baƙon da ya zo tambayar hanya. Yarjejeniya ta ƙare da numfashinta, kuma shi mutum ne mai cika magana. Ni kuma bakina bai iya cewa ka dawo wurinka ba. Muna nan sai autata ta shigo da waya a hannu.

"Baba, na samo muku fim ɗin, har da ƙarshensa. In kunna muku daga gada?"

Na kalli Tela, ya kalli ɗinkin labule. Can ya ce, "'Yata, idona ba ya ganin ƙaramin gilashi."

Na ce, "Ni kuma ba na kallon abin da na riga na sani. Sun tsira."

"An kama su," in ji Tela, har ya ɗan gyara zama.

Saboda haka ga tsarin rakiya. Ba za a kai Goggo wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa ba, duk da sau biyu yana zagaye gidan da amalankensa. Ranar Asabar da yamma za a goge ta, a lulluɓe ta da ƙyallen da Tela ya yi alkawarin dajewa, a ɗora ta saman kabad da kaset ɗinta a ciki. Ana karɓar gaisuwa a falo. Wanda ya san ƙarshen fim ɗin ya bar shi a waje tare da takalminsa. Kujera mai hannu kuwa, ina sanarwa a gaban jama'a, tana hannun Tela har ranar da zai amsa da bakinsa cewa sun haye gadar.

Mai tsofaffin ƙarafa ya yi asara. Uwar yara ta samu wurin ajiye tangaran ɗinta a gurbin Goggo, amma ta rasa saman kabad. Tela ya ci kujera har ƙarshen ransa, don na san taurin kansa. Ni kuma na ci gaba da zama a kan allura.