Rasuwar Uwar Surutu, Ranar da Hadari Ya Zo da Fukafukai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan da ya gaji da kallon sama, iyalan Malam Isyaku Tela na Unguwar Gano, wato shi da kekensa na ɗinki, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rikodarsu, rediyo mai cin kaset, wadda aka fi sani da Uwar Surutu. Ta rasu da yammacin Talata a cikin rijiyar gidan, bayan gajeruwar rashin lafiya.

Marigayiyar ta shigo gidan tun kan Malam Isyaku yana da baƙin gashi. Matarsa Uwani, Allah ya jiƙanta, ita ta raɗa mata suna, don ta ce tun da aka kawo ta ko zakara ba a ƙara ji ba. Ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Eriyarta ta karye aka soka mata wayar keke, ba ta yi ƙorafi ba. Batura in sun yi sanyi a shanya su a rana, ta karɓa ta gode. Duk juyin mulkin da aka yi, a bakinta mutanen layi suka fara ji: ta yi shiii, ta yi ƙirrr, sai badujala. Bana ma da sojoji suka koma bariki, a gabanta aka taru aka ji rantsar da farar hula. Ba ta taɓa ƙirƙirar ƙarya ba. Abin da aka gaya mata shi take faɗa, kuma halin da ya yi ajalinta ke nan.

Amma ba don labarai Malam Isyaku yake goge ta da bakin rigarsa ba. A cikinta akwai kaset ɗin wa'azi da ya maƙale shekara da shekaru, Malam kuma ya hana kowa taɓawa. Wata rana, Uwani tana da rai, ya danna jan maɓalli bisa kuskure, sai muryarta ta shige tsakiyar wa'azin: "Malam, wai ba za ka kashe abin nan ka zo ka ci tuwo ba? In ya huce ba ruwana fa!" Daga nan sai ƙarar faifai a kan kwano, mai wa'azi ya ɗora daga inda aka katse shi. Tun da Uwani ta kwanta dama, kullum 'yarsa ta aiko da tuwo daga Daurawa, sai ya mayar da kaset baya, a yi masa faɗa, sannan ya wanke hannu. In ba a yi faɗan ba, loma ba ta wucewa.

Ciwon ajali ya faro ne daga sama. Damina ta ɗauke da wuri, rijiyoyi sun ja baya, kowa ido a gabas. Ranar Talata bayan la'asar Uwar Surutu ta gyara murya: "Masu hasashen yanayi sun hango gagarumin hadari a na'urarsu, ya nufo Kano." Na'urar nan, an ce, tana hango duk abin da ya taru a sararin sama tun yana nesa. Sai dai baiwar Allah ba ta san bambancin ɗigon ruwa da fiffike ba, taro kawai take gani.

Layi ya kacame. Mata suka jera baho da bokiti a ƙarƙashin indararo. Malam Isyaku ya rataye marigayiyar a reshen zogalen da ya sunkuyo kan rijiya, ya janye murfin don rahama ta shiga kai tsaye. Gabas ta yi duhu yadda aka faɗa. Amma babu tsawa, babu walƙiya, babu ƙamshin ƙasa, sai wani shuuu da ke ta matsowa. Kafin a ce wani abu, fara ta rufe gari. Ta sauka a kan zogalen, wata kan wata, har reshen ya fara ruku'u. Malam Isyaku yana tsaye riƙe da murfin rijiya, fara na marinsa a fuska, ya ji ɓaras, reshe ya karye. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce, "a tanadi lema." Sai ƙundum.

Da ƙugiyar ciro guga aka fito da gawar. Aka garzaya da ita Gyaɗi-Gyaɗi wurin Osita mai gyaran rediyo. Osita ya kwance ta, ya ɓalle ƙofar kaset, ya tarar zaren ya jiƙe ya cure kamar taliyar da ta kwana. Ya cire tabarau, ya ce wa Malam Isyaku sai haƙuri, ya ƙi karɓar ko sisi.

Malam Isyaku ya nemi wanda zai riƙe ya rasa. Masu na'ura sun ce su abin da ta nuna suka faɗa. Fara ta cinye zogale ta ƙara gaba. Sama kuwa ko yayyafin ban haƙuri ba ta yi ba. Tun ranar yana zaune a zaure, ɗinkin mutane a tule, babban yatsansa yana ta danna gwiwarsa kamar maɓallin kaset.

Marigayiyar ta bar batura huɗu masu sauran numfashi, da wayar keke, da jakar fatar da Uwani ta saya mata a kasuwar Tarauni, da tsoho ɗaya.

Za a binne ta ranar Alhamis da hantsi a gindin zogalen. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, don haka kowa ya zo da addu'arsa. Za a raba soyayyar fara da yaji, tunda bokitan da aka jera wa ruwa da ita suka cika, kuma iyalan mamaciyar suna roƙon a tauna da ƙarfi.

Za a ci gaba da zaman makoki a zauren gidan. Ana roƙon duk wanda magariba ta riske shi a wurin, musamman mace mai kaifin murya, ta daure ta yi wa Malam faɗa. Kwanon tuwo yana nan a bakin ƙofa da faifansa a kai, ya huce tun Talata.