Ranar da Na Kai Waliyyi a Amalanken Taki

Har gobe ban manta da ɗaurin auren ƙanwata Hadiza ba. Shekarun nan ne da aka fara Shari'a, komai ya yi tsada, ni kuwa ina taƙama da wani tsohon babur da na daɗe ban canja wa baƙin mai ba (kullum sai in ce sai wata ya mutu). Ni aka aika Getso in ɗauko Kawu Sule, waliyyin amarya, in kai shi Gammo kafin azahar. In babu shi, babu aure.

Bazara ce, rana kamar ta faɗo ƙasa. Don in nuna gwaninta na bar titi na yanki hanyar gonaki, ina ta murza mai cikin rairayi a giya ɗaya. Ba a jima ba injin ya fara ƙauri, zafinsa na gasa mini ƙafa.

"Ɗana, mu tsaya gindin tsamiyar can ya huce," in ji Kawu.

"Haba Kawu, ai na san halinsa."

Ashe ban sani ba. Da ya fara shiɗewa na tsaya, na karɓi butar Kawu na kwarara wa injin ruwan alwalarsa kaf. Tururi ya tashi, na ji wani ƙas. Na yi ta buga shi har gumi ya jiƙa mini sabuwar shadda, ko tari bai yi ba.

Kawu bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya dubi rana, ya dubi butarsa, ya durƙusa ya yi taimama.

Wani mai amalanke da ya dawo daga kai taki gona ne ya taimake mu. Haka muka shiga Gammo bayan la'asar: waliyyi da babbar riga a kan amalanken taki, babur kwance a gefensa, ni a baya da ƙafa. Dangin ango na zaune a tabarma tun azahar. Babu wanda ya yi dariya (da ma sun yi, da na fi samun sauƙi).

An ɗaura auren. Daga baya Inna ta ce mini Hadiza ta yi ta kuka a ɗaki, tana zaton Kawu ne ya fasa.

Yanzu ina duba baƙin mai kafin in tashi, in inji ya yi zafi kuma inuwa nake nema, ba ruwa ba. Ɗan hutun da na hana babur, mutanen gari guda na sa suka yi shi a rana.